Mai son shiga kiɗan kantiri, daga Don Williams zai fara ya yi baya

Duk wanda ya taso yana jin Don Williams ko Jim Reeves a rediyo, ko a kaset ɗin motar haya, ya riga ya sa ƙafa ɗaya a kiɗan da Amurkawa ke kira country, mu ce kantiri. Matsalar tana tasowa ne ranar da ya ce bari ya zurfafa. Sai wani masani ya ce masa ai daga tushe ake farawa, ya tura masa faifan 1927. Yana kunnawa ya ji ƙara kamar ana suyar gyaɗa a ƙarƙashin waƙar, ga murya ta hanci, ya kashe, bai ƙara waiwaya ba. A ganina wannan gurguwar shawara ce. Kunne lallaɓa shi ake yi. Ka tsaya inda ka saba, sannan ka riƙa ja da baya shekara goma-goma.

Don Williams ɗan shekarun 1970 ne. Taku ɗaya baya, sai ka tarar da gida biyu da ba sa ga maciji da juna a wajen sauti. Na farko shi ne na birnin Nashville, inda Chet Atkins na kamfanin RCA da Owen Bradley na Decca suka rage kukan goge, suka zuba 'yan amshi masu taushin murya da fiyano, don kiɗan ya shiga falon 'yan birni. Jim Reeves da Patsy Cline 'yan wannan gida ne, shi ya sa suke shiga kunne ba sallama. Na biyu shi ne na garin Bakersfield a jihar Kalifoniya, gidan Buck Owens da Merle Haggard: jitar lantarki ƙirar Fender Telecaster mai kaifin sauti, ganga a fili, ba kwalliya. Ka saurari Reeves, ka bi shi da Haggard nan take. Bambancin da za ka ji a minti shida ɗin nan ya fi shafi goma na bayani.

Daga nan sai Hank Williams, kuma a nan nake so ka daɗe. Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1953 yana da shekara 29, yawancin abin da ya bari kuwa ya ɗauke shi ne tsakanin 1947 da 1952. Kusan babu ganga a faya-fayansa. Abin da ke kuka a bayansa jitar kwance ce: ana shimfiɗa ta, a riƙe wani ɗan ƙarfe mai santsi a hannun hagu ana zamar da shi a kan tsirkiya, sauti ya riƙa sulalewa daga wannan murya zuwa waccan ba tare da ya yanke ba. Hank zai rera layi, jitar ta amsa masa, kamar makaɗi da ɗan amshinsa. Idan kunnenka ya kama wannan amshin, ka samu mabuɗin rabin tsohon kantiri. George Jones da Lefty Frizzell kuma da maƙogwaro suke yin abin da ƙarfen nan ke yi, su ja gaɓa ɗaya ta kalma su lanƙwasa ta sau uku.

Sai bayan haka ne faifan 1927 zai yi maka magana. A shekarar ce Ralph Peer, wani wakilin kamfanin faifai, ya kafa na'urar ɗaukar sauti a garin Bristol, kan iyakar Tennessee da Virginia, ya ɗauki Jimmie Rodgers da iyalan Carter. Ka bar ƙarar faifan, ka bi jitar Maybelle Carter: babban yatsa yana fitar da karin waƙar a kan tsirkiyoyi masu kauri, sauran yatsu suna share siraran don riƙe kiɗa. Mutum ɗaya, aikin mutum biyu.

Bulugiras kuwa, wato reshen kantiri da ake kira bluegrass, wata duniya ce, kuma kuskure ne a ɗauka shi ne mafi tsufa don kawai babu lantarki a cikinsa. Sunan ya fito ne daga ƙungiyar Bill Monroe, mutumin Kentucky, wato Blue Grass Boys, kuma sautin da ake nufi bai cika ba sai a ƙarshen 1945, da Earl Scruggs ya shigo da banjonsa ya tarar da Lester Flatt a kan jita. Kayan biyar ne: jita, banjo, mandolin (wata ƙaramar dangin jita), goge irin na Turawa, da ƙaton bas da ake kaɗawa a tsaye. Babu ganga ko ɗaya. To wa ke riƙe da kiɗan? Ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Bas yana faɗowa a kan ɗaya da uku, mandolin yana sara a kan biyu da huɗu, sara gajere da ake danne tsirkiya nan da nan don kada ta yi amo. Su biyun nan su ne gangar. Shi ya sa wanda ya saurari bulugiras da sifikar waya yake cewa hayaniya ce: sifikar waya ba ta iya fitar da kaurin bas, sai ƙasan kiɗan ya ɓace, a bar ka da ƙarar banjo tsirara. Sa iyafis kafin ka yanke hukunci.

Banjo shi ne ke korar baƙo, shi ne kuma ke riƙe shi. Tsirkiya biyar gare shi, ta biyar ɗin gajera ce, maɗaurinta a gefen wuya yake, kuma murya ɗaya take maimaitawa. Scruggs da yatsa uku yake kaɗawa, babban yatsa da manuni da na tsakiya, kowanne da ɗan farcen da ake sawa, yana jujjuya bugu takwas-takwas. Karin waƙar yana ɓoye a cikin wannan ruwan bugun. Kada ka ce sai ka kama kowane bugu, za ka gaji a banza. Ka riƙe karin baitin da aka rera a ranka, domin da an gama baiti, ɗaya daga cikin makaɗan zai matso ya sake faɗin wannan karin da kayansa, sai wani baitin, sai wani makaɗin. Waƙa ɗaya ka saurara sau huɗu, kowane karo ka bi kaya ɗaya tak. Faya-fayan Monroe na 1946 da 1947 sun isa wannan aiki, sannan Flatt da Scruggs bayan sun ɓalle a 1948, sannan Stanley Brothers idan kana son muryar da ke tsinka zuciya.

Bahaushe kuma yana da wata 'yar riba a nan. Banjo na farko ƙwarya ce aka rufe da fata aka zura mata sanda, aikin bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma. Wanda ya san gurmi zai gane dangin. Mafi kusa da shi da masana ke nunawa shi ne akontin na Jolawan Senegal da Gambiya, mai gajerar tsirkiya irin ta banjo. Hannun baƙar fata ma bai tsaya a nan ba: Rufus Payne ne ya koya wa Hank Williams jita a Alabama, Arnold Shultz kuma Monroe da bakinsa ya ce ya ɗauki abubuwa a wurinsa.

Abu biyu da ba a cika gaya wa baƙo ba. Na ɗaya, kalmomin. Tsohon kantiri cike yake da zancen giya, cin amanar aure, kurkuku da kisa, bulugiras kuma da wuya ka ga kundi babu waƙar coci a ciki. Mai Turanci ya duba baitocin kafin ya kunna a gaban yara, ya zaɓi abin da ya dace da gidansa. Akwai kiɗa zalla mai yawa wanda ba a rera komai.

Na biyu, jabu. Mawaƙa da yawa sun sake ɗaukar tsofaffin waƙoƙinsu bayan shekara ashirin, murya ta gaji, makaɗa na haya, kuma waɗannan ne suka cika tarin "fitattun waƙoƙi" masu araha a YouTube da Spotify. Hank Williams ma bayan rasuwarsa an ɗora wa wasu waƙoƙinsa tarin goge da shi bai taɓa ji ba. Ka duba sunan kamfani: Hank na MGM ne, Monroe na 1946 da 1947 na Columbia, Buck Owens da Haggard na shekarun 1960 na Capitol. Faifan garmaho na wancan zamani minti uku yake ɗauka a fuska ɗaya, don haka idan ka ga waƙar 1949 ta kai minti biyar, ko ka ji sauti ya rabu dama da hagu a iyafis, an taɓa ta. Nemi wata.