Mai Zane Bai Taɓa Rabuwa da Kimiyya Ba, Rigimar a Kan Gumin Wasu Take

Tun da hotunan da ƙirƙirarriyar basira ke fitarwa suka cika intanet, nake jin wasu na cewa na'ura ta shigo ta ɓata sana'ar zane, wai a da daga mai zane sai burushinsa. Ban yarda da wannan magana ba, duk da cewa ni ma abin da ke faruwa yana damuna ƙwarai. Damuwata a wani wuri take daban.

Mu fara da launi. Shekaru aru-aru, shuɗin da ya fi kowane kyau a hannun masu zanen Turai daga wani dutse ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakhshan na Afganistan. Saboda tsadarsa, sai wurin da ya fi daraja a cikin zane ake shafa wa. A 1828 aka ba wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Jean-Baptiste Guimet, lambar yabo saboda ya gano yadda za a haɗa irin wannan shuɗi a masana'anta. Daga nan mai zane talaka ma ya iya shafe sararin samaniya gaba ɗaya da shi. A 1841 kuma wani mai zane ɗan Amurka, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro ɗan bututun ƙarfe mai matsuwa, irin na man goge baki, domin adana fenti. Kafin nan a mafitsarar alade ake ƙulle shi, a huda a matsa, ragowar ta bushe. Wannan ɗan bututu yana cikin abubuwan da suka sauƙaƙa wa masu zanen Faransa irin su Monet fita bakin kogi su zana haske yadda yake sauyawa a gaban idonsu.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na doki. Masu zane sun daɗe suna zana doki a sukuwa ya miƙe ƙafafun gaba gaba, na baya baya, kamar yana tashi sama. A 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa a Kalifoniya. Hotunan suka nuna cewa lalle akwai lokacin da kofato huɗu ke barin ƙasa, amma a lokacin ƙafafun a naɗe suke a ƙarƙashin ciki. Idon ɗan Adam ba ya iya kama wannan. Masu zane irin su Degas suka zauna suka yi nazarin hotunan, suka gyara hannunsu. Kyamara ta koya musu gani, aikin zanen kuma ya ci gaba da zama nasu.

Ko kwamfuta ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Harold Cohen, mai zane ɗan Ingila wanda ya riga ya yi suna da burushi, ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a 1968, ya koyi rubuta manhaja, ya gina wata da ya sa wa suna AARON. Ya zauna ya rubuta mata ƙa'idojin zane ɗaya bayan ɗaya, daga abin da shi kansa ya fahimta game da layi da siffa. A farkon lamarin ita ke ja layi, shi ke shafa launi da hannu. Bai daina gyara ta ba har ya rasu a 2016. Duk wanda ya ce aikin Cohen ba fasaha ba ne, bai yi masa adalci ba.

To ina matsalar take? Guimet bai ɗauki zanen kowa ba kafin ya haɗa shuɗinsa, Cohen ma iliminsa ya zuba a cikin manhajarsa. Manhajojin yanzu kuwa da hotunan mutane aka horar da su. Rumbun LAION-5B kaɗai, wanda aka yi amfani da wani sashe nasa wajen horar da manhajar fitar da hotuna mai suna Stable Diffusion, ya tattaro adireshin hotuna sama da biliyan 5 da bayanansu daga intanet, ba tare da an nemi izinin masu su ɗaya bayan ɗaya ba. Mutum ya shekara ashirin yana neman salonsa, sai wani ya rubuta sunansa a cikin manhaja, cikin daƙiƙoƙi ta fito da kwaikwayon hannunsa. Shi ya sa a Janairun 2023 wasu masu zane mata uku, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, suka kai ƙarar kamfanonin da ke da irin waɗannan manhajoji, wato Stability AI da Midjourney da DeviantArt, kotu a Amurka.

Masu kare kamfanonin suna cewa ai kowane almajirin zane da kallon aikin magabata yake koyo. Akwai gaskiya a ciki. Amma almajiri mutum ɗaya ne mai hannu biyu, zai shafe shekaru yana koyo, in ya ƙware kuma ya zama abokin sana'a. Manhaja kuwa hajar kamfani ce, ana biyan kuɗi a yi amfani da ita, kuma kasuwar mutanen da aka kwashi aikinsu take ci. A ganina wannan cin gumin wani ne, ko da wane suna aka kira shi.

Ban ce a haramta kayan aikin ba. Mai zanen da ya horar da manhaja da nasa aikin, ko da hotunan da aka saya da yardar masu su, yana kan turbar Cohen, kuma ina ɗokin ganin abin da zai fitar. Abin da nake so shi ne a tambayi mai zane kafin a ɗauki aikinsa, a biya shi idan ya yarda, a ƙyale shi idan ya ƙi. Tun da doka ba ta kai ga tilasta hakan ba tukuna, masu zane sun sake komawa wurin masana kimiyya neman mafita. A 2023 masu bincike a Jami'ar Chicago suka fitar da Glaze, manhajar da ke yi wa hoto ƴan sauye-sauyen da da wuya ido ya lura da su, amma suna rikita na'urar da ke son koyon salon mai shi.