Kafin ka karɓi 'yar kyanwa, ka ninka kuɗin cinta sau 365

Jiya da daddare na ɗauko littafin da nake rubuta cefanen gida, na ce bari in ware abin da magenmu Fara ta ci a shekarar da ta wuce. Uwargida sai dariya take yi, wai na rasa aikin yi. Da na gama haɗawa na miƙa mata littafin, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Malam, duk wannan a cikin Fara?"

Lissafin ba shi da wuya. In aka haɗa kan kifi, ƙwai da ɗan busasshen abincinta na leda, Fara tana cin kamar naira 500 a rana. A baki ba komai ba ne, kuɗin ruwan leda da biskit ɗin yara. Amma ninka shi sau 365, za ka ga naira 182,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato albashin ƙaramin ma'aikaci na wata biyu da rabi har da ɗoriya ya tafi a cikin dabbar da ba ta kai kilo huɗu ba.

Na san abin da wasu za su ce: tun yaushe aka fara yi wa mage kasafi? Gaskiya ne, a gidan kakata da ke cikin birnin Kano ba wanda ya taɓa sayo wa kyanwa komai. Amma ku tuna irin gidan. Katangar ƙasa ce, ga ɗakin ajiyar hatsi cike da ɓeraye, ga ƙadangaru a bango, ga gidajen maƙwabta da take tsallakawa. Ita take ciyar da kanta, ɗan tuwon da ake jefa mata ƙari ne kawai. Yau kuwa mun ɗauko ta mun sa a gidan siminti mai tayil, mun rufe ƙofa da tagogi da raga, sannan muna cewa "ai za ta nema." Ta nema a ina? Tun muna makarantar Islamiyya muka haddace hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Ni dai a fahimtata, wanda ya rufe ƙofa ya ɗauki nauyin kwanon.

Ni ma da kuskure na fara. Watanni na farko abin da muka ci shi Fara take ci: tuwon shinkafa, miyar taushe, wani lokaci taliya da manja. Sai ta fara ramewa, gashinta ya dushe, ta koma kwanciya a bayan randa ba ta ko kallon zaren da 'yata Ummi take ja mata. Da muka kai ta wurin likitan dabbobi, ya ɗaga leɓenta ya nuna mini dasashinta, ya yi fari fat. Tambayarsa ta farko ita ce ko akwai albasa a abin da muke ba ta. Wace miya ce a gidan Bahaushe babu albasa? Ashe albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin mage. Ya kuma ce mage ba kamar kare ba ce, an halicce ta ne a kan nama, akwai wani sinadari da ake kira taurin wanda sai a nama take samunsa, rashinsa yana taɓa idonta da zuciyarta. Har madarar shanun da muke ganin gata muke yi mata, yawancin manyan maguna gudawa take sa su. Kuɗin da na biya a ranar ya fi na kifin wata guda. Arha dai ba ta ado.

To me za a ba ta? Masu hali suna sayen abincin mage na kanti, Whiskas da ire-irensa, kuma ba laifi, an haɗa komai a ciki. Babbar mage tana cin kamar giram 50 zuwa 60 na busasshen a rana, wato kusan kilo 20 a shekara. Matsalar ita ce kayan waje ne, da dala suke tafiya. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, duk wanda ya ɗora magensa a kan abincin leda kaɗai ya san yadda ta kaya. Ni rabi da rabi nake yi. Na yi sabo da wani mai kifi da wani mai fige kaji, suna tara mini kai da ƙundu da zuciya. A dafa ba gishiri ba magi, a cire ƙaya, a raba a ƙananan robobi. Sai dai wannan dabarar tana hannun wutar lantarki. In aka kwana biyu babu, sai dai ka zubar. Shi ya sa buhun busasshen ba ya yankewa a gidan.

Abin da ya fi rikita kasafi shi ne haihuwa. Cikin mage wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo 'ya'ya uku, huɗu, biyar. Mai shayarwa kuma cinta yana ninkuwa. Ka shiga shekara da baki ɗaya, ka fita da goma. Daga nan ne ake samun 'yan kyanwa a cikin kwali a bakin bola, suna kuka har muryarsu ta dishe. Ko dai ka sa kuɗin aikin hana haihuwa a lissafinka tun farko, ko ka san gidajen da za su karɓa.

Abin da ya sa ma na yi wannan dogon rubutun shi ne yayin da ake yi yanzu na maguna masu dogon gashi 'yan Farisa. Ana saye da tsada, a ɗauki hoto a sa a Instagram, ba wanda ya tambayi abin da za ta ci a watan da albashi ya makara. Wata maƙwabciyarmu ta aiko ɗanta makon jiya, wai ko muna son tasu kyauta, sun gaji. Ummi ta riƙe mini riga tana "Baba, don Allah mu karɓa." Na zaunar da ita na ba ta biro, na ce ta ninka 500 sau 365 sau biyu. Ta daɗe tana yi, ta ɗago ta ce, "To Baba, a rage kuɗin makarantata mana."

Ba mu karɓa ba. Na dai yi wa Hajiyar alkawarin zan tambaya a wurin aiki ko akwai mai so, kuma duk wanda ya ce yana so, sai na nuna masa shafin nan na littafin cefane tukuna.