Mutumin da ya raba mu da fitilar ƙwai

Labarin Shuji Nakamura, wani injiniya haifaffen Japan, ya taɓa min zuciya. Shekaru ya yi a kamfanin Nichia a Japan yana fama da sinadarin galiyom naitarayid, wanda yawancin masana suka cire rai da shi, har ya fitar da shuɗin ƙwan LED (ƙaramin ƙwan lantarki mara cin wuta sosai) mai haske a 1993. Daga shuɗin nan aka samo farin hasken da ke tocilanmu. Kyautar Nobel ta 2014 da ya raba da wasu masanan Japan biyu, Akasaki da Amano, wallahi ya cancanta.

A ƙauyenmu, gefen Ringim, da fitilar ƙwai muka yi karatu, hayaƙi na cin ido, kananzir ma sai ranar kasuwa. Yanzu 'yata da ƙaramar fitilar sola take bitar darasi bayan isha'i.