Jinin da kake tofarwa da safe ba abin wasa ba ne

Samari da 'yan mata na Gusau da kewaye, don Allah ku ɗan tsaya mu yi magana, abin ga ya daɗe yana cin raina. Da yawanmu in munka goge baki da safe munka ga jini a buroshi ko a aswaki sai mu ce ai ƙarfi munka sa, a kurkure a wuce. To dasashi mai lafiya ba ya zubar da jini haka kawai.

Kawuna ya kai shekara biyu haƙoranshi suna girgiɗa, dasashi ya kumbura, ga warin baki duk da mutum ne mai tsafta, kullum yana kemis sayen maganin kashe zafi, har sai da wani mai cire haƙori a kasuwa ya fizge mashi guda biyu, ramin ya ƙi warkewa. Sai da anka kai shi asibiti anka auna jini, ashe ciwon suga ne ya daɗe yana cinshi ba wanda ya sani. Wallahi har yau ina jin zafin shekarun da munka ɓata.

Yadda abin yake, in suga ya hau yawu yana raguwa, baki ya bushe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, kuma jiki ba ya iya yaƙarsu kamar da, ciwo kuma ya daɗe bai warke ba. Sannan shi kanshi kumburin dasashin yana sa sugan ya ƙi sauka ko ana shan magani, kowanne yana hura wa ɗayan wuta. Ƙwayoyin cutar nan kuma suna iya bi ta dasashi su shiga jini, ga mai matsalar zuciya wannan haɗari ne babba. Masu hawan jini ma, akwai magunguna kamar amlodipine da ke sa dasashin wasu ya yi kauri, in ka ga haka ga Baba ko Inna kar a daina shan maganin, a koma a gaya wa likita.

Mu ma matasa ba mu tsira ba. Shayi mai cokali huɗu na suga gun mai shayi, lemon kwalba, alawa, ga taba da shisha, abin da ke ɓata haƙori shi ke gina ciwon suga da na zuciya. Kuma duk mun san hadisin da Annabi (SAW) ya ce ba don kar ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da aswaki a kowace sallah, amma mu nawa ke yi?

Ku goge baki da makilin safe da kuma kafin kwanciya, na daren ya fi muhimmanci. In jini ya wuce sati biyu bai tsaya ba, ko haƙori na motsi, ku tafi sashen haƙori na asibitin tarayya, wato FMC Gusau, ko asibitin da ya fi kusa, ku roƙi a auna maku suga a lokaci guda. Wanda ke da mai ciwon suga a gida, yau ɗin nan ka tambaye shi ko dasashinshi na jini, dattawa ba su cika faɗi ba sai an tambaya.