Girman bakin bindiga ba shi ke kada giwa ba

Mutane da dama sun ɗauka cewa in dai bindiga ta yi ƙaton baki, aka kuma dura mata albarushi, to magana ta ƙare. Ba haka abin yake ba. Ƙirar harsashin ita ce kan gaba.

Harsashi mai kan dalma yana bajewa da zarar ya shiga nama, kamar an buɗe laima. Wannan ya dace da zaki da damisa, masu fata marar kauri. Amma a goshin giwa sai ya tarwatse tun bai kai ƙwaƙwalwa ba, saboda kaurin ƙashi. Nan dunƙulallen harsashi ake so, wanda ba ya lanƙwashewa. Da irinsa ne maharbin nan ɗan Sukotilan, Karamojo Bell, ya kashe ɗaruruwan giwaye da 'yar bindiga mai bakin milimita 7 kacal.

Ɓauna kuwa, maharba da yawa kan fara mata da mai bajewa, dunƙulallu na biye a ƙasansa cikin bindigar.

Cika albarushi ma ganganci ne. Zafin rana yana ƙara masa ƙarfi, kwanson harsashin ya maƙale a bindiga, ga ɓauna ta taso. Shi ya sa harsashin nan da kwansonsa bai cika maƙalewa ba, wato .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912, har gobe maharba ba su yar da shi ba.