An warke daga ciwon daji, an rasa abin yi

Abin nan ya ishe ni. Mutum ya sha tiyata, ya sha kemo, maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, har sumarsa ta zube, likita ya ce cutar ta lafa, ya fito ya tarar wani ya hau kujerarsa a wurin aiki. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa bayan nan, sai a rufe a fuskarsa.

Yayata ta je ganawar neman aiki bayan ta gama jinyar kansar mama, wato ciwon dajin mama. Mai tambayar ya ɗora yatsa a kan takardarta ya ce, "Hajiya, wannan giɓin fa, ina kika shiga?" Ta faɗa masa gaskiya. Nan take ya ajiye biro, ya gyara zama, ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, za mu neme ki." Har yau shiru. Ba su tambayi ƙwarewarta ba, ba su tambayi abin da likitanta ya ce ba. Sun ji kalmar kansa, sun yanke mata hukunci.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2009 ya nuna waɗanda suka tsira daga ciwon daji sun fi sauran jama'a fuskantar zaman kashe wando. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kaɗai an samu sababbin masu cutar kusan miliyan 20. Da yawansu suna tsakiyar ƙarfinsu, da iyali a wuya, da bashin magani a kai. Haka za a zuba musu ido?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ɗan tanadin da ake da shi na mai aiki ne. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta ɗauki mai ciwon daji a matsayin wanda doka ke karewa tun ranar da aka gano cutar, Amurka ma tana da tata dokar tun 1990. Madalla. To wanda kwangilarsa ta ƙare yana kan gado fa? Mai sana'ar hannu da kwastomominsa suka watse fa? Doka ta hana nuna bambanci wajen ɗauka, amma wa zai tabbatar dalilin da ya sa ba a kira shi ba? Asibiti ya sallame shi, ofishin samar da aiki ya ba shi fom irin na kowa.

Ba na musun cewa jiki ya taɓu. Akwai gajiyar da barci ba ya kore ta, akwai mantuwa bayan kemo, akwai kumburin hannu ga wadda aka cire wa kaluluwar hammata. Duk wannan yana da mafita: a fara da rabin yini, a ƙara sannu a hankali, a bar mutum ya je ganin likita ba tare da an tsare shi da harara ba, a sauya masa aikin ɗaga kaya da wanda jikinsa zai ɗauka.

Saboda haka a sa maganar aiki cikin jinyar tun farko. Kowane sashen ciwon daji a asibiti ya samu jami'in da zai zauna da majinyaci, ya nema masa horo idan tsohuwar sana'ar ta gagara, ya haɗa shi da masu ɗaukar ma'aikata. Ku kuma masu ɗauka, ku ji tsoron Allah, ku tambayi mutum abin da ya iya kafin ku ajiye biro.