Harara-garke daban, ƙanƙance ido daban

Na san da yawa daga cikinku kun ga takardar nan ta sanarwar duba idon yara kyauta wadda ta zagaya WhatsApp a Jos makon jiya, wasunku ma kun tura ta gaba da kyakkyawar niyya. Wanda ya fassara ta zuwa Hausa ya yi ɓarna, kuma da yake ɓarnar a kan idon yara za ta ƙare, ba zan iya kame bakina ba. A gefen Turanci an rubuta kalmar squint, a gefen Hausa kuma aka ce a kawo duk yaron da "yake ƙanƙance ido". A layi na gaba aka ƙara da "malalacin ido", maganar da tun da nake ban taɓa jin ta fito daga bakin Bahaushe ba.

Wannan kalma ta Turanci ma'ana biyu gare ta. Ta farko ita ce mutum ya matse fatar idonsa saboda rana, ko ƙura, ko don yana son ya hango abin da ke nesa, kuma wannan shi ne ƙanƙance ido. Duk wanda ya bi ta Taminus a tsakiyar Jos da hunturu ya ga ɗaruruwan mutane suna yin haka, kuma lafiyar idonsu ƙalau. Ta biyu ita ce wadda likitoci suke nufi, wato idanu biyu su ƙi fuskantar wuri guda, ɗaya yana kallonka, ɗayan ya karkata wajen hanci, ko wajen kunne, ko sama, ko ƙasa. A littattafan likitanci strabismus ake kiransa, kalmar da aka aro daga Girkanci, mu kuma tun kaka da kakanni harara-garke muke cewa. Takarda ce ta asibiti, maganar cuta take yi, amma mai fassara ya ɗauki ma'anar da ya fara cin karo da ita ya wuce abinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Hausa ba ta da talauci a wannan fage. Muna da ƙifta ido, da kanne ido, da lumshe ido, da runtse ido, da zare ido, da harara, kuma yaro ɗan shekara bakwai ya san bambancin kowanne da ɗan'uwansa. A cututtuka ma mun raba hakiya da yana, mun raba dundumi da makanta. Tun 1934 Baturen nan Bargery ya fitar da ƙamusunsa na Hausa, Jami'ar Bayero ta fitar da nata a 2006, ga kuma tsofaffi a kowane zaure waɗanda za a tambaya su ba da amsa ba tare da an biya su ko kwabo ba.

Ranar Asabar na je gidan yayata a Unguwar Rogo. 'Yarta mai shekara huɗu tana zaune a tabarma tana taya ta tsintar wake, kuma duk lokacin da ta sunkuya a kan faifan sai idonta na hagu ya zame ya nufi hanci, na daman kuma ya tsaya a kan waken. Da ta ɗago ta ce "Kawu, sannu da zuwa," ido ɗaya ne ya dube ni. Na ce, "Yaya, kin kai ta wurin duba idon nan kuwa?" Ta ce, "Wane duba ido kuma, Auta? Ai na karanta takardar, masu ƙanƙance ido suke nema. Ita tawa idonta tar yake a buɗe, harara-garke ce kawai irin ta dangin ubanta." Yayata ta yi karatu, ta karanta abin da aka rubuta, ta kuma fahimce shi daidai yadda aka rubuta shi. Yarinyar da aka buga takardar domin irinta ita ce ta zauna a gida, kuma kalma guda ce ta zaunar da ita.

Yaya ta yi gaskiya a abu ɗaya, domin abin yakan bi dangi. Sai dai gado bai hana magani ba, kuma ba maganar kyan fuska kaɗai ake yi ba, maganar gani ake yi. Kowane ido yana da tsoka shida da ke juya shi, jijiyoyi uku daga ƙwaƙwalwa ne ke ba su umarni, kuma dole idanun biyu su tafi tare kafin ƙwaƙwalwa ta haɗa hotunansu su zama hoto guda. Idan ɗaya ya karkace, hoto biyu ne masu saɓani ke isa. Babba zai riƙa ganin abu bibbiyu ya yi ƙorafi, amma ƙwaƙwalwar yaro ƙarami sai ta yi watsi da hoton karkataccen idon, ta dogara da ɗayan. Yaron ba ya jin ciwo, ba ya kuka, yana wasansa, idon kuwa yana nan a buɗe amma bai koyi gani ba. Masana kimiyya David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna haka a Amurka da 'ya'yan kyanwa: idan aka rufe wa ɗan kyanwa ido ɗaya a farkon rayuwarsa, ko an buɗe daga baya ganin ba ya dawowa yadda ya kamata, kuma a kan binciken da suka yi game da gani aka ba su kyautar Nobel a 1981. A ɗan Adam, gyaran ya fi kamawa kafin shekara bakwai zuwa takwas, daga nan sai ya yi ta ƙara wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan karin maganar ta zauna daram.

Wannan raunin gani shi ne abin da mai fassara ya kira "malalacin ido". Ya ɗauko laƙabin da Turawa suka ba abin, ya juya kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye mana. A kunnen Bahaushe lalaci hali ne, kuma hali faɗa ake yi masa, ba asibiti ake kai shi ba. Da ya rubuta "idon da ganinsa ya yi rauni saboda yaro ba ya aiki da shi", da jimlar ta fi tsawo, amma da kowace uwa ta gane.

Wasu sun riga sun ce mini harara-garke kalmar tsokana ce, bai dace a buga ta a takardar asibiti ba. Na yarda yara suna yi wa juna ba'a da ita, kuma na san akwai manyan da har yau take sosa musu rai. To amma takardar sanarwa aikinta guda ne, ta sa uwa ta dubi ɗanta ta ce "ashe da nawa ake". A rubuta "karkacewar ido, wato abin da ake kira harara-garke", an kiyaye mutunci, an kuma isar da saƙo. Wasu sun ce ai wanda yake ƙanƙance ido ma yana bukatar a duba shi. Haka ne, sau da yawa alama ce ta rashin hango nesa, tabarau yake bukata, sai a ba shi layinsa daban. Wani kuma ya ce aikin sa kai ne, a yi wa masu shi uzuri. Allah ya saka musu da alheri, kuma da zuciya ɗaya na faɗa, amma wanda ya iya tara likitoci da kayan aiki ba zai kasa samun Bahaushe ɗaya da zai karanta masa layi goma kafin a buga ba.

Kuma ba ƙaramin abu ake rasawa ba idan kalma ta hana yaro zuwa. Yara da yawa masu idon da ke karkata wajen hanci, tabarau kaɗai ke daidaita su, domin wahalar da idon ke sha wajen ganin abu na kusa ita ce ke jawo shi ciki. Wasu ana rufe musu lafiyayyen idon na wasu sa'o'i a kullum don a tilasta wa mai raunin ya yi aiki. Wasu sai an yi musu tiyata a tsokar da ke juya idon, ana sassauta wata a ɗaure wata. Jariri sabon haihuwa idonsa yakan ɗan yi yawo lokaci zuwa lokaci, amma idan ya wuce wata huɗu abin bai daina ba, ko kuma tun farko idon a karkace yake kullum, likita ya kamata ya gan shi. Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi: sankarar ido da ke kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar, alamarta ta farko farin haske ne a tsakiyar baƙin ido kamar na idon kyanwa da dare, ta biyu kuwa ita ce wannan karkacewa. Ba kasafai ake samunta ba, amma idan aka makara rai take ɗauka.

Ina roƙon duk wanda ya san masu wannan takarda ya isar musu, su gyara layukan nan biyu su sake turawa. Ita 'yar yayata mun yi da mahaifinta za a kai ta sashen ido ranar Talata, kuma muna da inda za mu je, domin ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna idan abin ya kai ga haka. Wanda kuma mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke fama da ciwon suga ko hawan jini, idan aka wayi gari idon dattijon ya karkace rana tsaka, yana cewa yana ganin mutum ɗaya kamar biyu, kada a tsaya jiran wata sanarwa ko a ce iska ce ta buge shi. Jijiya ce ta samu matsala, wani lokaci ma somin shanyewar ɓarin jiki ne, a ranar ya kamata a kai shi asibiti.